Ciwon Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci Ya Sami Sabon Magani

Ba kowane minshari ba ne alamar barci mai daɗi. Akwai wanda maƙogwaronsa kan toshe, numfashinsa ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa kafin asuba. Mai wannan ciwo yakan wuni yana gyangyaɗi, hawan jini kuma na iya biyo baya.

A 1981 Dakta Colin Sullivan na Ostareliya ya fito da na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci don buɗe maƙogwaro. A Disamba 2024 kuwa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar Zepbound, sau ɗaya a mako, ga masu ƙiba, domin ramewa na sassauta ciwon.

Duk uwargidan da ta ji numfashin maigida yana ɗaukewa, sai ta lallashe shi ya ga likita.