Injin da Ya Dace da Motar Alfarma

Wanda Allah ya hore wa kuɗin sayen Marsandi S-Class, ko BMW 7 Series, ko Lexus LS, yawanci ya gama zaɓen kamfani da launi tun kafin ya taka wurin dillali. Abin da ake bari sai an je can shi ne 'yar lambar da ke manne a bayan but: S 450 ko S 580, 740i ko 750i. Alhali wannan lamba ce za ta yanke kuɗin da motar za ta ci a shekarun da ke tafe, da kwanakin da za ta yi a gareji.

A da lambar tana faɗin girman inji kai tsaye. S 500 ta farkon shekarun 2000 inji ne mai silinda takwas, lita biyar. S 500 da aka fara ƙerawa a 2020 kuwa silinda shida ce a jere, lita uku, da tarbo da ɗan taimakon lantarki. Duk da haka ta fi tsohuwar ƙarfi nesa ba kusa ba: ƙarfin doki 435, kuma tana kai gudun kilomita 100 cikin kimanin daƙiƙa biyar. Yayarta S 580, mai silinda takwas, tana da doki 503. A ƙasar Jamus duka biyun an ƙayyade musu kilomita 250 a awa, a Najeriya kuma doka ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a kan babbar hanya. To ina za a kai ragowar dawakan?

A ganina silinda shida mai shan fetur ita ce zaɓin mai hankali ga yawancin masu saye a nan, kuma babban dalili shi ne zafi. Injinan silinda takwas na Jamus na wannan zamani ana cusa tarbo biyu ne a tsakiyar injin, a cikin kwarin da ke tsakanin layukan silindar biyu. Dabarar tana sa mota ta amsa totur nan take, amma tana tara zafi wuri guda, inda robobi da wayoyi da bututun ruwa suke gasuwa a hankali. Injin N63 na BMW, wanda ya fito a 2008 kuma yake cikin 750i, ya yi suna wajen shan baƙin mai, har kamfanin ya ɓullo da shirin gyara na musamman ga masu shi a Amurka a 2014. An inganta shi daga baya, amma wanda zai tsaya da irin wannan inji a cunkoson Kano cikin watan Afrilu, kwandishan a ƙure, ya san lagireto da famfon ruwa za su riƙa neman kulawa. Silinda goma sha biyu kuwa ta zama kayan tarihi: BMW ta daina sa ta a motocinta a 2022, Marsandi kuma ta bar ta ga Maybach S 680 da ire-irenta. Mai sayen wannan ba shawarar tsimi yake nema ba.

Lexus ta bi wata hanya. LS 460 da ta fito a 2006 silinda takwas ce, lita 4.6, ba tarbo, kuma sauƙin ginin nan ne ya sa kanikawa suke yabonta. LS 500 ta 2017 ta koma silinda shida mai tarbo biyu. Ga wanda ya fi son kwanciyar hankali a kan sabon yayi, tsohuwar tana da abin cewa, sai dai tana shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ko attajiri yana duban allurar tanki.

Sai a kula da fetur ɗin kansa. Waɗannan injina an tsara su ne a kan mai mai daraja, wanda a Turai ake rubuta wa 95 ko 98 a jikin famfo. A yawancin gidajen man mu famfo ɗaya ne, mai iri ɗaya. Kwamfutar injin tana iya rage ƙarfi don ta kare shi, mota ta ci gaba da tafiya, amma gwargwadon yadda aka matse inji don ya ba da ƙarfi, gwargwadon yadda yake jin jiki. Maganin da ke hannun mai mota shi ne ya riƙe gidan mai guda da ya amince da shi, ya guji na bumburutu, ya kuma riƙa juye baƙin mai kafin lokacin da littafin motar ya faɗa.

Dizal ita ce ta fi yaudarar mutane. A Turai S 350 d da 730d sun daɗe suna cikin waɗanda aka fi saya, saboda tanki ɗaya yana kai su nesa sosai, shi ya sa suke da yawa cikin motocin da ake kawowa daga can. Amma dizal ta zamani tana ɗauke da matata a cikin salansa mai kama baƙin hayaƙi, da wani tanki na daban da ake zuba ruwan AdBlue. An gina su ne a kan man da sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Mizanin da ƙasashen ECOWAS suka amince da shi a 2020 kashi 50 ne, kuma shekara da shekaru abin da ake sayarwa a yankin ya ninka haka sau da yawa. Matatar tana buƙatar doguwar tafiya da gudu kafin ta ƙone tokar da ta tara. Motar da aikinta daga gida zuwa ofis ne sai matatarta ta toshe. Idan AdBlue ya kusa ƙarewa, ko na'urarsa ta samu matsala, allo zai fara ƙirga maka kilomitocin da suka rage, in sun ƙare mota ta ƙi tashi ko da komai nata lafiya lau. Wasu kanikawa sukan cire matatar su rufe wa kwamfuta ido, sai motar alfarma ta koma tana turnuƙe mutane da hayaƙi.

Masu haɗa fetur da batir kala biyu ne, kada dillali ya cakuɗa maka su. Lexus LS 500h tana cajin batirinta da kanta, ba ruwanta da soket. S 580 e kuwa ana jona ta da wuta, kuma tana iya yin kusan kilomita 100 da batir zalla. Ga mai sola mai ƙarfi a gida, wanda zirga-zirgarsa cikin Abuja ce, wannan riba ce ta gaske. Wanda ba zai riƙa caji ba, ya sayi nauyin batir ne kawai yana yawo da shi. Kafin a biya kuɗi a tambaya: wa zai iya taɓa batir mai ƙarfin wuta irin wannan a garin da nake?

A ɓangaren na'urori, tambayar farko ita ce a ina mai motar zai zauna. Idan direba ne zai ja, kuɗin ya tafi baya: doguwar bodi, kujerar da ke kwantawa, labulen gilas, kwandishan na baya mai zaman kansa. Kujera mai hura iska ta cancanci kuɗinta a ƙasar zafi, haka kyamarar da ke nuna kewayen mota, ganin cewa tsawon waɗannan motoci ya haura mita biyar. Sabuwar S-Class tana da tsarin da tayoyin baya suke juyawa har digiri 10, abin da ke sa ta yi kwana a lungu cikin sauƙi. Sitiyari mai ɗumi kuwa na mutanen ƙanƙara ne. Rufin gilas yana da kyau a hoto, amma yana ƙara wa kwandishan aiki, kuma ƙurar hunturu tana toshe magudanan ruwansa, sai damina ta zo ruwa ya sauka kan wayoyin ƙarƙashin kafet.

Tayoyi ma zaɓi ne, kodayake ba a cika ɗaukarsu haka ba. Rim mai inci 21 yana burge ido, amma robar da ke kansa siririya ce, rami ɗaya ya isa ya kumbura taya ko ya lanƙwasa rim. Inci 18 ko 19 sun fi laushi, sun fi jure hanyoyinmu. Shokozoba mai iska ba yadda za a yi da ita, da ita ake ƙera S-Class, kuma ita ce sirrin laushin motar. Jakar iskarta roba ce, tana tsufa tana yoyo. Alamar farko ita ce ka wayi gari mota ta durƙusa ta gefe guda. A ware mata kuɗi tun farko. Abin da za a iya kauce wa shi ne ƙarin tsarin da ke karanta hanya da kyamara yana daidaita kowace taya, irin E-Active Body Control, don gyaransa ba na kowane gareji ba ne.

Na'urorin taimakon tuƙi sai an tace. Birkin da ke kama kansa idan ya hango karo, da fitilar da ke gargaɗi idan akwai mota a gefen da madubi bai nuna ba, suna aiki a ko'ina. Mai riƙe mota a tsakiyar layi kuwa sai da farin fenti a kan kwalta, inda babu shi ba ta ganin komai. Drive Pilot na Marsandi, wanda Jamus ta amince da shi a ƙarshen 2021, an ba shi izini ne a kan wasu manyan hanyoyi da aka tantance, don haka a nan ba zai yi aiki ba.

Yawancin waɗannan motoci na hannu ne suke iso mana, ta tashar Legas ko Kwatano, wani ne ya zaɓi na'urorinsu shekaru da suka wuce. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana buɗe jerin duk abin da aka sa wa motar a masana'anta, kuma idan daga Amurka ta zo, rahoton Carfax yakan nuna ko ta yi haɗari ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Motar da ta sha ruwa tana iya yin wata da watanni lafiya kafin tsatsa ta fara cin kwamfutocinta ɗaya bayan ɗaya. A je da kaniken da ke da na'urar binciken wannan kamfanin, ya jona ta ya karanta kowane sashe, sannan a leƙa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko ta Apo a tambayi farashin shokozoba ɗaya da fitilar gaba ɗaya kafin a yi ciniki.