Idan Naman Daji Ya Shigo Gida: Kare, Kyanwa Da Ciwon Hauka

A garin Dutsi da ƙauyukansa, kamar sauran garuruwan shiyyar Daura, babu wata tazara tsakanin gida da daji. Bayan katanga gona ce, bayan gona kuma saura. Da rani, idan ruwa da abinci suka yi ƙaranci, dila da tunku da muzurun daji kan matso gari da dare neman kaji, jemagu kuma su cika bishiyoyin darbejiya. Mai gida yana barci, amma karensa da kyanwarsa ba sa barci. Su ne ke arangama da waɗannan baƙi, da safe kuma yara su yi wasa da su.

Abin tsoro a nan shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta hanyar cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe, sannan ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin alamu su bayyana, amma tana iya fitowa cikin mako guda ko ta kai shekara. Wannan jinkiri shi ke yaudarar jama'a: ciwo ya warke, an manta, alhali cutar tana tafiya. Da zarar majinyaci ya fara firgita da jin tsoron ruwa, to kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 59,000 ne ke mutuwa da ita duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Kada a ɗora wa naman daji laifin duka. Har kashi 99 cikin 100 na mutanen da suka kamu, kare ne ya sa musu, kuma mafi yawan karnuka daga 'yan uwansu karnuka suke ɗauka. Saboda haka karen farauta da ya dawo da rauni, da karen makiyayi, da wanda ke kwana a bola, duk abin lura ne. Akuya da saniya da jaki ma suna kamuwa idan aka cije su.

Ba kowane mahaukacin kare ke hargagi da cizo ba. Wani sai ya yi laushi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya tura hannu cikin bakinsa. Kada a kuskura a yi haka. Haka nan dila ko tunkun da ya shigo gari da rana tsaka ba ya gudun mutane, ba sabo ba ne, alamar ciwo ce. A hana yara kusantarsa, a kuma hana su ɗaukar jemagen da ya faɗo ƙasa.

Kariyar tana farawa daga dabbar gida. A kai kare da kyanwa wurin likitan dabbobi tun suna wata 3, a riƙa sabunta allurar duk shekara, a adana katin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar takan daina yaɗuwa a tsakaninsu. A riƙa ɗaure kare da dare, a gyara akurkin kaji, a daina zubar da ragowar tuwo a bakin ƙofa.

To, idan an riga an ciji mutum fa? Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a duba agogo, domin lokacin ya fi yadda ake zato tsawo. A shafa aidin idan akwai. Kada a sa toka, ko barkono, ko ƙonannen gashin karen kamar yadda wasu ke yi, kada kuma a ɗinke ciwon a kemis. A tafi asibiti a ranar. Ana yin allurar a dantse a ranar farko, da bayan kwana 3, da bayan kwana 7, wani tsarin kuma da ƙarin guda tsakanin kwana 14 zuwa 28. Zamanin allurai barkatai a ciki ya wuce. Idan cizon ya huda fata, likita zai duba buƙatar wata allura ta musamman da ake yi a cikin ciwon kansa, da ta tetanus. Mai juna biyu da jariri duk ana yi musu.

Shi kuwa karen, idan na gida ne, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara allura. Idan ya mutu ko an kashe shi, a sanar da ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma domin a gwada ƙwaƙwalwarsa, kada kowa ya taɓa gawar da hannu tsirara.