Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa a birnin Mumbai na ƙasar Indiya akwai wani masallaci da hubbaren waliyyi waɗanda teku ce take ba da izinin ziyartarsu? Wannan shi ne hubbaren Haji Ali Shah Bukhari, wani attajiri mutumin Bukhara wanda riwaya ta ce ya rabar da dukiyarsa ya kama zuhudu, aka kuwa gina wurin a shekarar 1431 bisa wani ɗan tsibiri da ke kimanin mita 500 daga gaɓar unguwar Worli.

Hanya guda ce tak take kaiwa can, siririya, ruwa dama da hagu, ga almajirai da masu sayar da furanni da turare a jere. Idan kuwa teku ta cika ta tumbatsa, musamman da damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, sai igiyar ruwa ta haye hanyar, a rufe ƙofa har ruwa ya janye. Saboda haka wajibi ne baƙo ya binciki lokacin janyewar ruwa tun kafin ya bar masaukinsa, ya shiga jirgin ƙasa ya sauka a tashar Mahalaxmi, ya kuma sa tufafi na mutunci, mace ta yafa mayafi, kuma a bakin ƙofa ake tuɓe takalma. Wanda ba ya jure turmutsitsi ya kauce wa Alhamis da Jumma'a, ranakun da maziyarta, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suke yin dafifi.