Bayan dashen ƙoda: nauyin da ke komawa kan dangi a Madawa, Buza da Keita

Ga iyalan Madawa, Buza da Keita a jihar Tawa, dashen ƙoda magana ce ta doguwar tafiya. Wanda ƙodarsa ta gaza yakan fara da wankin ƙoda a manyan asibitoci irin na Yamai da Damagaram. Idan aka kai ga dashe, ɗaya daga cikin wuraren da ba su da nisa sosai shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara wannan aiki tun 2002.

A yankin Adar da Majiya gidaje da yawa na da 'yan bida a Najeriya, Kodebuwa, Libiya da Aljeriya, kuma su ake fara kira idan babbar jinya ta taso. Sai dai da zarar an sallami mutum, jama'a kan ɗauka an gama, alhali a lokacin ne wani sabon nauyi ke farawa.

Maganin da ba a tsallakewa

Jiki na ɗaukar sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, garkuwarsa kuma na neman kai mata hari. Shi ya sa wanda aka yi wa dashe zai ci gaba da shan magani muddin ƙodar na jikinsa. Tacrolimus, alal misali, galibi ana shan sa duk bayan awa 12, ana kuma auna jini a kai a kai. Yankewar maganin na 'yan kwanaki na iya jawo asarar ƙodar.

Magungunan na raunana garkuwa, don haka mura ko gudawa ba abin wasa ba ne. Prednisolone kuwa na iya kumbura fuska, ya hana barci, ya sa saurin fushi, abin da iyali kan ɗauka canjin hali ne.

Ciwon da ba ya fitowa a gwaji

Akwai fargabar kada jiki ya ƙi ƙodar, da jin nauyin ɗan'uwan da ya bayar. Magidancin da ya saba da garkar albasa ko kasuwa yakan tsinci kansa ana ciyar da shi, ga bashi. Shi ma wanda ya bayar yana buƙatar kulawa da auna hawan jini, amma an fi mantawa da shi.

Duk da haka ba kowa ke fitowa a karye ba. A 1996 masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, sun fitar da ma'aunin cigaban da wasu ke samu bayan jarrabawa mai tsanani. Sun raba shi gida biyar: sanin darajar rayuwa, ƙarfafar zumunci, gano ƙarfin zuciya, buɗewar sabbin hanyoyi, da zurfin imani. Hakan ba ya nufin damuwa ta gushe. Yana samuwa ne idan mutum ya sami wanda zai saurare shi ba tare da gaggawar rufe masa baki ba.

Abin da ya fi amfani

Ga 'yan bida, kuɗin magani duk wata ya fi taimakon gaggawa na lokaci guda. 'Yan fada da abokai na iya raba nauyin rakiya zuwa ganin likita. A watannin farko kiran waya ya fi cika ɗaki da masu gaisuwa, musamman masu tari.

A kiyaye da magungunan ciwon jiki na masu talla irin su diclofenac da ibuprofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, domin suna iya lahanta ƙoda. A zafin Afrilu da Mayu a kula da tsaftataccen ruwan sha, batun azumi kuma a fara da shawarar likita.

Malamai ma na da rawar takawa. A 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta halatta dashen gaɓoɓi bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta cinikinsu. Bayyana wannan a masallaci zai rage tsegumin da ke bin mai bayarwa da mai karɓa, ya sa su fita cikin jama'a ba tare da ɓoye jinyarsu ba.