Suna Ɗaya, Aiki Biyu: Matsayin Ungozoma a Idon Doka

A shekarar 2014 jihohin Oregon da Minnesota na Amurka suka fara biyan ladan matar da suke kira dula daga asusun lafiya na masu ƙaramin ƙarfi. Dula ba ta karɓar haihuwa, ba ta ba da magani. Aikinta shi ne zama tare da mai naƙuda, ta kwantar mata da hankali, ta kula da ita bayan ta sauka. A 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mai naƙuda ta zaɓi wanda zai zauna da ita.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A al'ada, sau da yawa mace kan haihu ita kaɗai saboda kunya da dauriya, sannan a kira ungozoma ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta taimaka da wankan jego. Ke nan ungozomar gargajiya ta fi kusa da dula.

Matsalar tana cikin sunan. A Asibitin Koyarwa na Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa GRA a Kano, wadda ake kira ungozoma ma'aikaciya ce mai horo da lasisin Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, wadda dokar 1979 ta kafa. A cikin unguwa kuwa, dattijuwa ce da ta gaji sana'ar. Duk dokar da aka fassara zuwa Hausa ba tare da bambanta su ba, ko dai ta ba dattijuwar ikon da ba ta da iliminsa, ko ta raba ta da aikin da ta ƙware a kai.

Malawi ta haramta wa ungozomomin gargajiya karɓar haihuwa a 2007, ta ɗage haramcin a 2010. A Kano, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mafi yawan haihuwa a gida ake yi, haramci bai zama mafita ba. Abin da ya dace shi ne doka ta amince da ita a matsayin mai rakiya: ta gane alamun haɗari kamar zubar jini da jijjiga, ta gaggauta kai mace asibiti, a bar ta ta shiga, a biya ta. Samar wa wannan matsayi sunan da ba zai rikitar ba nauyi ne a kan masana Hausa.