Talabijin A Cikin Kwamfuta: Amfaninsa Da Abin Lura

Tun da aka buɗe gidan talabijin na ƙasa, wato TVT, a 1973, yawancin shirye-shiryen da muke kallo a nan Sotouboua da Faransanci suke zuwa. Mu malaman makaranta muna ganin sakamakon haka: yaron zango ya iya gaisuwa da Hausa, amma in aka ce ya ba da labari sai bakinsa ya sarƙe. To, yanzu wata ƙofa ta buɗe. Mai kwamfuta da intanet yana iya kallon tashoshin nesa, ba eriya, ba faranti a kan rufi.

Hanya biyu ce. Ta farko, tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, suna sa shirye-shiryensu a YouTube. Ta biyu ita ce manhajar da ake ɗorawa a kan kwamfuta, kuma wadda ta fi shahara ita ce VLC. Ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniyoyi ta Faransa a 1996, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001. In tasha ta bayar da adireshin da take watsa hoto, sai ka buɗe VLC, ka danna Ctrl da N tare, ka liƙa adireshin, hoto ya fito.

Sai dai, mai karatu, manhajar ce kyauta, intanet kuwa da kuɗi ake saye a wajen Yas ko Moov. Hoton da ke cin megabit 1 kowace daƙiƙa yakan cinye mega 450 a awa guda. Gaskiya ne babbar wayar Equiano ta iso Lome ta ƙarƙashin teku a 2022, amma wanda ke ƙauye tsakanin Sokodé da Dapaong ya san hoto yana tsayawa. Saboda haka a rage kyan hoton, guzuri ya kai gida.

A kuma yi hattara da masu tallar adireshin tashoshin ƙwallo da araha. Na sata ne, yakan mutu ba sanarwa, wani kuma ya zo da cutar kwamfuta. VLC a ɗauko ta daga shafin VideoLAN kaɗai.

Iyaye, a ajiye kwamfutar a tsakar gida, a zauna tare da yara a kalla, bayan an gama a ce su maimaita labarin da Hausa. Allah ya shirya mana zuriya.