Sabon Wasan Kwaikwayo: Yadda Ake Gane Mai Kyau

Duk wanda ya karanci Hausa a sakandare a garin Bauchi, in aka ce ya ambaci rubutaccen wasan kwaikwayo, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne Uwar Gulma na Mohammed Sada, ko Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. In ya yi zurfi ya ƙara da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Ƙaraminsu, wato Kulɓa Na Ɓarna, tun 1979 ya fito. Sai mutum ya ɗauka daga nan alƙalami ya bushe, fim ya gaje komai.

Alhali ana nan ana rubutawa. Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka fi sani da In Da So Da Ƙauna, yana da wasanni irin su Malam Zalimu da Daƙiƙa Talatin. Da Turanci kuma Farfesa Ahmed Yerima ya rubuta Attahiru, a kan Sarkin Musulmin da Turawa suka kashe a Burmi a 1903. Burmin nan kuwa tana cikin tsohuwar Jihar Bauchi kafin a cire Gombe a 1996. A 2018, Embers na Soji Cole, wasan da labarinsa ya gudana a sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Nijeriya, shi ya ci gasar adabi ta kamfanin NLNG mai kyautar dala 100,000. Labarinmu ne ake rubutawa, mu ne ba mu leƙawa.

Kuma Bauchi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Malam Aminu Kano, wanda ya fara rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya zo koyarwa Midil ta Bauchi a 1942, ya ci gaba da amfani da wasa wajen zungurar masu mulki. Littafin Shehu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar ƙagaggun labarai ta 1933, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan dandamali, kafin Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.

To, sabon wasa ya shigo hannunka, babu malamin da ya yi masa sharhi, babu tambayoyin jarrabawa a kansa. Ta ina za ka kama?

Da farko, a san cewa wasa don baki da kunne aka rubuta shi. Marubucin labari yana da damar tsayawa ya gaya maka abin da ke zuciyar tauraruwa. Marubucin wasa ba shi da wannan gatan. Abin da ya mallaka shi ne maganar 'yan wasa, da ɗan bayanin da yake sakawa a baka biyu: wane ya shigo, wance ta juya baya. Shi ya sa wanda ya karanta wasa shiru a ɗaki yakan ce ba shi da armashi. Tara mutum huɗu ko biyar a majalisa, kowa ya ɗauki mutum ɗaya, ku karanta fitowa ta farko da ƙarfi. Kafin ku kai ƙarshenta kun san ko marubucin yana da kunne. In maganar dattijo da ta ɗan acaɓa duk ɗaya ce, in mai sayar da tumatir a kasuwar Muda Lawal tana magana kamar mai karanta labarai a gidan rediyon BRC, to akwai gyara.

Abu na biyu shi ne wanda aka fi sakaci da shi, wato abin da ba a faɗa ba. Ɗauki misalin shagon tela a Wunti, saura kwana biyu Sallah. Marubuci mai rauni zai sa telan ya fuskanci jama'a ya ce ya ci amana, ya sayar da shaddar Alhaji, yanzu yana nadama. Gwani kuwa ga yadda zai yi:

ALHAJI: Malam Sabo, kayan nan fa?
SABO: Ranka ya daɗe, ya mai jiki? Na ji an ce Hajiya ba lafiya.
ALHAJI: Da sauƙi. Kayan?
SABO: (yana ta saka zare a allurar da ta riga ta sami zare) Kai Ɗanlami, kawo wa Alhaji ruwa mana!

Babu wanda ya ambaci cin amana, amma kowa a ɗakin ya gane shaddar ba ta nan. An bar wa mai kallo aikinsa, kuma daɗin wasa yana cikin wannan ganewar da kake yi da kanka. Daga nan sai ka tambayi kanka a kowace fitowa: me wannan mutumin yake so, wa ya tare masa hanya, me ya canza kafin labule ya sauka? Fitowar da aka shiga aka fita komai yana yadda yake, cikon takarda ce, ko da an sha dariya.

Sai maganar darasi, inda nake ganin muna zaluntar sababbin marubuta. An raine mu da wasannin wayar da kai tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, zuwa na rediyo masu koyar da rigakafi da tsafta. Sun yi amfani ƙwarai. Amma sun bar mana ɗabiʼar jiran malami ko mai unguwa ya fito a ƙarshe ya yi nasiha, mugu ya haukace ko ya talauce. Yawancin marubutan yanzu ba sa rufe wasa haka. Sukan bar azzalumi da rawaninsa, su bar ka da tambaya, domin haka abin yake a zahiri. Kada ka ce wasan bai ƙare ba. In kun fito kuna musu a kan wa ke da gaskiya, marubucin ya ci nasara. ('Yan tashe ma, in an lura, ba sa tsayawa fassara abin da suka kwaikwaya, sukan karɓi sadakarsu su yi gaba.)

A dandamali kuma, a raba laifin marubuci da na masu shiryawa. Lasifika ta ƙi aiki, ko ɗan wasa ya manta maganarsa, wannan ba rubutu ba ne. Haka kuma ɗan wasa mai barkwanci yakan rufa wa rubutu maras ƙwari asiri.

Inda za a ga irin waɗannan wasanni a Bauchi ba shi da yawa, gaskiya. Mai hali yakan leƙa Jos, inda ƙungiyar Jos Repertory Theatre take shirya bikin wasanni. Amma karatun wasa ba ya buƙatar zaure ko fitila. Malaman Hausa na sakandare, da ƙungiyoyin ɗalibai a ATBU da Kwalejin Tatari Ali, ku nemo wasa ɗaya na marubucin da yake raye, ku saya, kada ku yi masa fotokwafi, ku karanta shi a bainar jama'a a wannan zangon. In da hali ku gayyato marubucin ya zauna ya ji da kunnensa inda aka yi dariya da inda aka yi hamma.